Ku Tambaya Mu Amsa: Abincin Kifi Mai Rahusa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon tarwada a wani kwarmin siminti a gidana da ke Tawa, amma tsadar abincin kanti na neman durƙusar da ni. Na ji ana cewa masu kiwon kifin teku suna haɗa nasu da kayan gida. Ko zan iya bin tsarinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kukanka na kan hanya, domin abinci shi ke cinye fiye da rabin kuɗin da mai kiwon kifi yake kashewa. Sai dai ba na ba ka shawarar kwaikwayon masu kifin teku, saboda yawancin kifayen da suke kiwo, kamar salmon na ƙasar Norway, maciya nama ne, kuma abincinsu ya dogara sosai ga man kifi mai sinadarin omega-3 da kuma garin kifi, irin wanda ake niƙawa a masana'antun Nuwadibu ta Muritaniya. Tarwadarka ba ta da wannan tsirfa. Abin da take nema shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na abincinta, kuma ana samunsa a kasuwanninmu.

A kowane kilo 10, ka sa kilo 3 da rabi na tunkuzar gyaɗa wadda ba a zuba wa gishiri ko yaji ba, kilo 2 na garin busasshen kifi, kilo 1 da rabi na waken soya, kilo 1 da rabi na dusar shinkafa, kilo 1 na garin masara, da rabin kilo na jinin mayanka wanda aka dafa aka shanya. Kada ka ga arhar jinin ka ƙara, domin kifi ba ya narkar da shi sosai, kuma yana ɓata ruwa. Shi kuwa waken soya dole ne a soya shi kafin niƙa, saboda ɗanyensa yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanjin kifi cin moriyar furotin.

Inda na fi so ka sa ido shi ne tunkuza. Ka ɓare ta ka duba, ka kuma sansana; idan ka ga kore-kore ko ka ji warin rima, ka zubar da ita, domin gubar afalatoksin da ke cikin gyaɗa mai fumfuna tana lalata hantar kifi ta tsayar da girmansa.

Ka dama garin masarar da ruwan zafi ya zama danƙo, ka kwaɓa sauran a ciki, ka tura a injin niƙa nama, sannan ka shanya a inuwa mai iska har ya bushe ƙayau. Wannan abinci nutsewa yake yi, don haka ka riƙa watsa shi kaɗan-kaɗan safe da yamma, ka dakata da zarar sun daina wawaso. 'Ya'yan kifi ƙanana kuwa ka bar su a kan na kanti tukuna.