Star Wars: me ya sa kashi na 4 ya riga na 1 fitowa, kuma daga ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda da iyalina. Tun da muka sa Disney+ a gida, ni da yarana muke kallon Star Wars a daren Alhamis, amma labarin ya rikice mana. Mun fara da kashi na 1, hotonsa tas. Da muka kai na 4 sai muka ga ya fi shi tsufa nesa ba kusa ba. Sannan Darth Maul, wanda aka sare gida biyu a kashi na 1, mun gan shi da rai a Solo, har babban ɗana ya dage cewa Solo ne farkon labarin. Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya zuri'a. Karanta wannan kai kaɗai tukuna, domin a ciki akwai sirrin labarin da bai kamata yara su ji kafin su gani ba.

Kowane fim na Star Wars yana da shekara biyu: shekarar da aka yi shi, da shekarar da abin ya faru a cikin labari. Ku da ke Saudiyya kun saba da irin wannan, takarda ɗaya ga kwanan Hijira ga na Miladiyya, wanda ya cakuɗa su sai lissafi ya kwance masa. Rikicinku daga nan ya taso.

George Lucas ya fitar da fim na farko a 1977, sunansa Star Wars kawai, ba lamba. Sai a 1981 aka ƙara masa lamba 4 da sunan A New Hope, bayan The Empire Strikes Back ya fito a 1980 a matsayin na 5. Return of the Jedi, na 6, ya biyo a 1983. Aka yi shekara 16 shiru, sannan Lucas ya koma baya don ba da tarihin iyaye: na 1 a 1999, na 2 a 2002, na 3 a 2005. Shi ya sa hoton na 1 ya fi na 4 kyau, shekara 22 ce tsakaninsu, kuma a lokacin kwamfuta ta shigo harkar fim sosai. Disney ya sayi kamfanin Lucasfilm a 2012, ya kawo na 7, 8 da 9 a 2015, 2017 da 2019, ya soka Rogue One da Solo a tsakiyarsu, a 2016 da 2018.

Kwanan cikin labari kuma ana ƙirga shi ne daga Yaƙin Yavin, wato yaƙin da Luke Skywalker ya tarwatsa Death Star, ƙaton makamin Daula mai rusa duniyoyi, a ƙarshen kashi na 4. Wannan ita ce shekarar sifili. Idan ka ga BBY a intanet, kafin yaƙin ake nufi, ABY kuma bayansa. Kashi na 1 ya faru shekara 32 kafin Yavin, Anakin Skywalker, yaron da labarin ke bi, yana ɗan shekara 9. Na 2 shekara 22 kafinsa, na 3 shekara 19. Riƙe 19 ɗin nan da kyau, ita ce maƙullin komai: a shekarar Jamhuriya ta faɗi, Palpatine ya naɗa kansa sarkin Daula, aka karkashe mayaƙan Jedi masu tsaron Jamhuriya, Anakin ya zama Darth Vader, aka haifi Luke da Leia. Don haka duk fim ɗin da ka ga Daula na mulki da manyan jiragenta masu siffar kan mashi, to bayan kashi na 3 ne. Na 5 shekara 3 bayan Yavin, na 6 shekara 4. Daga nan sai dogon tsalle zuwa na 7 da na 8, duka a shekara ta 34, na 9 a ta 35.

Da wannan ma'auni a auna maganar ɗanka, wanda a gaskiya ya yi lura mai kyau. A Solo, Han Solo, jarumin fim ɗin, ya shiga sojan Daula don ya tsere daga Corellia. Tunda akwai Daula, fim ɗin ba zai riga kashi na 1 ba. Yana farawa ne shekara 13 kafin Yavin, yawancinsa kuma a ta 10. Shi kuwa Maul bai mutu ba lokacin da Obi-Wan, mayaƙin Jedi, ya sare shi a Naboo. Katun mai dogon zango, The Clone Wars, shi ya dawo da shi a 2012 da ƙafafun ƙarfe, ya nuna yadda ya zama uban gayyar ƙungiyoyin 'yan ta'adda da fasa-ƙwauri. Mutuwarsa ta gaske tana cikin wani katun ɗin, Rebels, a hamadar Tatooine, a hannun Obi-Wan ɗin dai. A ganina masu Solo sun yi wa mai kallo rashin adalci a nan, sun jefo fuskar Maul ta 'yan mintuna ba tare da bayani ba, alhali yawancin masu zuwa sinima ba su taɓa kallon katun ɗin ba.

Rogue One ma yana ruɗa mutane, saboda ya fito shekara ɗaya bayan na 7, sai a ɗauka ci gabansa ne. Sama da shekara 30 ya koma baya. Labarin waɗanda suka sato zanen Death Star ne, kuma yana ƙarewa daidai inda na 4 ya fara: ana miƙa wa Leia zanen, jirginta ya tsinke da gudu, shi ne jirgin da Vader ke kora a buɗewar fim ɗin 1977. Af, idan yara sun ga hamadar Jedha ta yi kama da ta arewacin Tabuka, ba su yi kuskure ba, a Wadi Rum ta ƙasar Jodan aka ɗauke ta, ƙetaren iyaka kaɗan. Jakku ta kashi na 7 kuma rairayin Abu Dhabi ne.

Ɗan koren jaririn nan na The Mandalorian, shirin Star Wars mai dogon zango, ba Yoda tsohon malamin Jedi ba ne yana ƙarami. Yoda ya rasu a kashi na 6 yana da shekara 900, shirin kuma shekara 5 bayan haka ya fara. Sunan yaron Grogu, jinsinsu ne ɗaya kawai.

Yanzu tsarin kallo. Bin lamba daga 1 zuwa 9 shi ne ya fi sauƙi, amma yana kashe babban abin mamakin labarin gaba ɗaya. An gina kashi na 5 ne domin mai kallo ya girgiza tare da Luke sa'ad da Vader ya faɗa masa cewa shi ne mahaifinsa. Wanda ya riga ya kalli na 3 ya san wannan tuni, ya kuma san Leia 'yar'uwar Luke ce, ya san ɗan tsohon nan mai wasa da kayan Luke a dausayin Dagobah, wato Yoda, babban malamin Jedi ne. Sirri uku sun tafi a banza. Idan ƙananan ba su kai na 3 ba tukuna, tsayar da su.

Abin da muke ba da shawara shi ne a fara da 4, sai 5. Daidai lokacin da tambayar yadda Vader ya zama haka ke cin ran yara, a koma 1, 2, 3 a matsayin waiwaye, sannan a rufe da 6. Bayan nan Rogue One, Solo, sai 7, 8, 9. Kada a sa Rogue One a gaban na 4 a kallon farko ko da yake a nan yake a lissafi, domin nauyinsa yana fitowa ne idan ka riga ka san abin da zanen ya haifar. Na 3 yana da wurare masu nauyi ga ƙaramin yaro, musamman ƙonewar Anakin a bakin narkakken dutse a Mustafar, gara ka duba shi da kanka tukuna.

Akwai ƙarin dalilin sa na 6 bayan na 3. Lucas ya yi ta gyara tsofaffin finafinan tun daga 1997, kuma gyararrun ne kuke da su a Disney+. A ƙarshen na 6, inda ruhin Anakin ke bayyana kusa da Yoda da Obi-Wan, a 1983 dattijo ne ake gani, Sebastian Shaw. A 2004 aka maye gurbinsa da Hayden Christensen, matashin da ya fito a Anakin a na 2 da na 3. Yaron da ya tsallaka daga na 5 zuwa na 6 zai tambaye ka wane ne wannan saurayin mai dogon gashi, wanda ya bi ta waiwaye kuwa yana ganinsa zai gane shi.