Kunnen jita mai kulle ba ya son naɗi

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni: "Maigida, jitar lantarkin nan da aka kawo daga Sabon Gari kunnuwanta masu kulle ne. Na naɗa kowace waya sau uku kamar yadda ka koya mini, amma sautin sai zamewa yake. Ina na kuskure?" Magariba ta kawo jiki, ban samu ba ka amsa ba. To, yau ka tsaya ka ji.

Naɗin nan uku shi ne kuskuren, kuma da laifina a ciki, don abin da na koya maka na tsohon kunne ne, wanda ba abin da ke riƙe waya sai naɗinta. Kifa kan jitar ka duba bayansa. Za ka ga ɗan faifai a gindin kowane kunne. In ka murza shi, wani siririn ƙarfe ne ke hawowa ta cikin sandar kunnen ya danne wayar a cikin raminta. Riƙon ke nan. Duk naɗin da ka ƙara a kai, waya ce ka tara wadda za ta yi ta saki tana kamawa, balle in makaɗin ya danna hannun nan na girgiza sauti. Tun 1983 da kamfanin Sperzel na Amurka ya fito da irin wannan kunne, manufar ita ce a rabu da naɗi. Schaller na Jamus da Gotoh na Japan ma suna yin nasu, duk kan wannan dabara. Kai kuma ka tashi ka mayar da abin da aka kora.

Ga yadda nake yi. Na sassauta faifan, na juya kunnen har raminsa ya fuskanci wuyan jitar, na zura waya, na ja ta da hannu ta miƙe sosai, sannan na kulle tana a miƙe. Daga nan sai in murɗa kunne in kai ta sautinta. In ka ja da kyau, ko zagaye ɗaya ba za ta cika ba. Kada ka yanke rarar tukuna. Sai ka ɗaga wayar da yatsa daga tsakiya a hankali, ka sake saitawa, sau uku ko huɗu, har ta daina sauka. Sannan ka datse da filaya, ka bar ɗan tsini kaɗan.

Wajen kullewa kuwa, yatsu biyu sun isa. Kada ka kuskura ka sa filaya a faifan nan. Siririyar wayar E, a saitin wayoyin da ake kira 9 zuwa 42, kaurinta 0.009 na inci ne kacal. Ka matse ta da ƙarfi, ƙarfen ya cije ta, sai ta tsinke daidai bakin rami. Ni ma da ina ɗanye a hannun maigidana na tsinka biyu a jere da wannan gangancin, har na riƙa zagin mai sayar da waya alhali hannuna ne.

Amma ko ka yi duk wannan daidai, kada ka yi wa mai jita alkawarin sauti ba zai ƙara motsi ba. Sau da yawa kunne ba shi da laifi. Duba ɗan farin ƙashin nan na kan wuya da wayoyi ke bi ta tsagoginsa. In kana murɗawa ka ji "tin", waya ce ta maƙale ta kuɓuce. Nan Zariya da hunturu ƙura na cika tsagogin, katako kuma ya bushe ya motsa. Ka share su, ka goga bakin fensir a ciki, waya ta samu santsi. Na sha ganin wanda ya kashe kuɗi ya sayi kunnuwa masu tsada, ashe fensir ne maganinsa.

Jitar nan gadarta, wato ƙarfen da ke riƙe gindin wayoyi a jikinta, mai lilo ce, igiyoyin ƙarfe na baya ne ke ja da wayoyi, saboda haka ɗaya bayan ɗaya za ka canza, kada ka kwance shida gaba ɗaya gadar ta nutse.

Waya ta yi tsada, ba sai mun zubar da duka ba. Masu kaurin nan uku, warware naɗin, buɗe kulle, ja rarar ta wuce, ka sake kullewa. Siraran ukun kuwa sun riga sun lanƙwashe, cire su ka ɗauko sababbi a akwatin ƙarƙashin benci. Masu ita sun ce bayan la'asar za su zo, kuma ina so in kaɗa ta da kaina kafin ka miƙa musu.