Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Rahoton Disamba Ya Fito Fanko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni akawu ce a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, kuma muna da makro (jerin umarni da ke yin aiki da kansa) a Excel wanda yake haɗa rahoton cinikin watan da ya wuce a farkon kowane wata. Daga Fabrairu har Disamba bai taɓa ba mu matsala ba, amma da Janairu ya kama sai ya tsaya da saƙon kuskure. Wani abokin aiki ya taɓa shi, ya daina tsayawa, sai dai rahoton Disamba ya fito babu ko sisi a ciki. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abin da kika bayyana alama ce ta cewa wanda ya rubuta makron ya nemo watan jiya ne ta hanyar cire ɗaya daga lambar wata, wato Month(Date) - 1, inda Date ke nufin kwanan watan yau. Wannan lissafi yana tafiya daidai tsawon wata 11, amma a Janairu amsarsa sifili ce, kuma da yake babu wata mai lamba sifili, da zarar makron ya nemi sunan watan ko shafinsa sai ya tsaya.

Gyaran abokin aikinki shi ne ya fi tayar mini da hankali. Da alama ya ce idan lambar ta zama 0 a mayar da ita 12, amma ya bar shekarar yadda take, saboda haka a Janairun 2026 makron yana neman cinikin Disamban 2026 wanda bai zo ba tukuna. Makron da ya tsaya ya fi wanda ya ba da rahoton ƙarya cikin shiru, domin na biyun yana iya kaiwa teburin manaja ba wanda ya lura.

Mafita ita ce a daina raba wata da shekararsa. A samo cikakken kwanan wata guda a farkon makron, sannan komai ya fito daga gare shi:

farko = DateSerial(Year(Date), Month(Date) - 1, 1)
karshe = DateSerial(Year(Date), Month(Date), 0)

DateSerial, wanda ke haɗa shekara, wata da rana su zama kwanan wata guda, yana ɗaukar wata na sifili a matsayin Disamban shekarar da ta gabata, yana kuma ɗaukar rana ta sifili a matsayin ranar ƙarshe ta watan baya. Don haka a Janairun 2026 layin farko zai ba ki 1 ga Disamba 2025, na biyu 31 ga Disamba 2025, kuma shi ne zai san cewa Fabrairun 2028 kwana 29 ne ba tare da kin gaya masa ba. Daga nan sai ki bi makron layi-layi, duk inda kika ga Year(Date) a sunan fayil, ko kan rahoto, ko wajen tace bayanai, ki maye gurbinsa da Year(farko). Wajen tacewa kuma ki ɗauki abin da ya faɗo tsakanin farko da karshe, domin idan lambar wata kawai kika duba, ranar da bayanan shekara biyu suka haɗu a shafi ɗaya za a tara miki Disamba biyu wuri guda.

Sunan fayil ma ya fito daga can, da Format(farko, "yyyy-mm"), wanda zai ba da 2025-12 kuma ya jera fayilolin bi da bi.

Kada ki jira wani Janairu kafin ki tabbatar da gyaran. Ki sa makron ya riƙa karanta ranar aiki daga wani gurbi a shafin maimakon agogon kwamfuta, sannan ki gwada shi da 5 ga Janairu 2026, da 31 ga Maris, da 1 ga Maris 2028, ki kwatanta jimillar Disamba da abin da ke cikin littafin ciniki.