Ext4 ko XFS don sabar PostgreSQL a Garwa?

Ɗan'uwa, ka ce kana da sabar PostgreSQL (kwamfutar da ke ɗauke da manhajar rumbun bayanai) ta kantin magani a Garwa, tana jan ƙafa, kana tambaya ko ka bar ext4 ka koma XFS, wato ka canza tsarin ajiye fayiloli a faifai. Gaskiya a ƙaramin aiki irin naka da ƙyar za ka ga bambanci, duka biyun suna da kyau. XFS ya fi nuna kansa ne in fayiloli manya ne kuma mutane da yawa na rubutu lokaci ɗaya, shi ya sa kamfanin Red Hat ya mai da shi tsarin da manhajarsa ta Linux ke zuwa da shi tun 2014.

Tsarin da zan ce ka yi hattara da shi btrfs ne, don ba ya rubutu a kan tsohon wuri, duk gyara sai ya nemi sabon gurbi, to rumbun bayanai kuwa kullum cikin gyara yake, sai fayil ya wargaje a faifai, musamman in ba SSD (faifai mai sauri wanda ba ya juyawa) ba ne. Tsarin ZFS ma haka yake aiki, kuma recordsize ɗinsa, wato girman gutsuren da yake ajiye bayanai a ciki, 128K ne alhali PostgreSQL 8K yake rubutawa, gara ka rage shi.

Sa noatime (umarnin daina rubuta lokacin da aka karanta fayil) a fstab, fayil ɗin saitin faifai, ba ya cutarwa. Amma don Allah kar wani ya ce ka kashe fsync, abin da ke tabbatar da bayanai sun sauka kan faifai, wai don sauri! Eh zai yi gudu, amma ka san yadda ake ɗauke mana wuta a nan lokacin zafi, ɗaukewa ɗaya tana iya lalata maka lissafin kaya gaba ɗaya. Sayi UPS tukuna, batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, sannan ka gaya mana RAM nawa gare ka, da irin faifan.