Bin layi a Kotun Ƙoli, doka ce ko al'ada?

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, kuma na ji daɗin yadda kike haɗa karatun lauyan nan da tambaya. Kin ce musu ya kaure a ajinku: shin doka ce ta ce wanda ya fi daɗewa a Kotun Ƙoli shi ke zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ko haka aka taras ana yi?

Al'ada ce. Buɗe sashe na 231 na kundin tsarin mulkin 1999 ki gani da idonki. Shugaban Ƙasa ne ke naɗawa, bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, sannan Majalisar Dattawa ta tantance ta amince. Sharaɗin cancanta shi ne mutum ya kai shekara 15 da zama lauya. Sauran alƙalan kotun ma, waɗanda ba za su wuce 21 ba, ta wannan hanya suke bi. Wuri ɗaya ne sashen ya ambaci wanda ya fi daɗewa: in kujerar ta zama ba kowa, shi zai yi riƙon ƙwarya na wata uku, sai in NJC ta nemi ƙari.

Mu da muka kwana biyu mun ga lokacin da ba a bin layi. A 1972 Janar Gowon ya ɗauko Teslim Elias daga kujerar Antoni Janar ya ɗora shi a kan alƙalan da ya tarar. A 1979 Augustine Nnamani ya shiga Kotun Ƙoli daga wannan ofis ɗin. Daga baya layi ya kafu. Ta nan Mohammed Bello ya hau a 1987, Muhammadu Lawal Uwais a 1995, Aloma Mukhtar a 2012, mace ta farko.

Kada ki raina al'ada don ba a rubuce take ba. A Nuwamba 2016 aka ba Walter Onnoghen riƙon ƙwarya, sunansa bai isa Majalisar Dattawa ba sai Fabrairu 2017. Ba doka aka karya ba, amma ƙasa ta ɗau zafi, don mutane sun ga kamar za a tsallake mai layi. Shi ya sa nake goyon bayan al'adar a kujerar shugabanci. In kowa ya san wanda ke biye, ɗan siyasa ba shi da abin da zai yi wa alƙali romon baka da shi. Tana da illa, ban musa ba. Alƙalan na ritaya a shekara 70, sai mutum ya hau kujera rana ta yi yamma. Dahiru Musdapher bai cika shekara ɗaya ba. Wane gyara za a kammala a haka?

Abin da ya fi damuna ƙofar shiga ce. Yanzu sai daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ake ɗauko su, ana duba shiyya shiyya, alhali doka ba ta hana gogaggen lauya ko malamin jami'a ba. Kuma Hukumar Ma'aikatan Shari'a ta Tarayya da ke fara tace sunaye, da NJC da ke karɓa, duk Alƙalin Alƙalai ne shugabansu. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya koka da wannan tarin iko a hannun mutum ɗaya ranar da ya yi bankwana da kotun a 2023, kuma ina ganin gaskiya ya faɗa.

Tunda ɓangaren shari'ar Musulunci kike son bi, ki karanta sashe na 288. Ya ce wajen naɗi a lura a samu masana dokar iyali ta Musulunci da masana dokar gargajiya cikin alƙalan, domin ƙarar gado ko aure da ta taso daga kotun shari'a tana iya kaiwa har can. In kin zo hutu ki taho da kundin mu duba tare. Ki gaida mahaifiyarki.