Jijiya, Agara da Sanyin Gwiwa: Amsoshin Tambayoyinku

Wata ɗaliba mai karatun jinya a Katsina ta rubuto: "Malam, Allah ya ƙara sani. Majinyaci kan ce jijiya ke damunsa, ni kuma in rasa wacce yake nufi. Hausa ba ta rarrabe su ba ne?"

Amin, 'yata. Kalmar jijiya kaya huɗu ta ɗauka. Akwai ta jini. Akwai ta laka, farin zaren da ya taso daga ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yana kai saƙon ji da motsi. Sai wadda ta ɗaure tsoka ga ƙashi, da wadda ta ɗaure ƙashi ga ƙashi a gaɓa. Bahaushe ya ga duk zare ne cikin nama, ya haɗa su suna guda. Amma ta ukun nan, a bayan ƙafa, tana da nata sunan: agara. Ki tsaya wurin mahauci ki ga yadda yake rataye cinyar sa. Ƙugiya yake zurawa a 'yar kafar da ke tsakanin ƙashi da wannan farar igiya mai tauri, nauyin cinyar duka ya hau kanta, ba ta tsinke ba. A jikin mutum ita ce ta sauko daga sha-raɓa ta kama ƙashin dunduniya, kuma cikin ire-irenta babu mai kaurinta. In ta tsinke, mutum ba ya iya yin ɗage da wannan ƙafar.

Saboda haka kada ki tsaya ga kalmar, ki sa shi ya nuna miki da hannu. Ciwon da ke tsargawa daga ƙugu ya bi bayan cinya har ƙafa, tare da mutuwar yatsu, galibi na laka ne. Wanda ba ya tashi sai an motsa gaɓa, ki duba agara ko maɗaurin gaɓa. Jijiyoyin da suka kumbura suka murɗe a sha-raɓa, na jini ne, kuma su ne dai ke tasowa a wuyan mai gardama har aka ce ya tada jijiyar wuya.

Wani magidanci daga Daura ya ce: "Malam, mene ne bambancin targaɗe da gocewa da karaya? A gidanmu duk wurin mai ɗori ake kai su."

Alhaji, bambancin babba ne. A targaɗe ƙashi na nan lafiya a wurinsa, jijiyar da ta ɗaure gaɓar ce ta miƙe fiye da kima ko ta ɗan yage. Ya fi faruwa a idon sawu, lokacin da tafin ƙafa ya lanƙwashe ciki. Gocewa kuwa kan ƙashi ne ya fita daga gurbinsa, kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa yin haka domin gurbinta ba shi da zurfi. Karaya ƙashin ne kansa ya rabu. In bai rabu ba, tsagewa ke nan. Ido kaɗai ba ya raba tsagewa da targaɗe, sai hoton ƙashi.

Inda ɗori ke ɓaci shi ne ɗauri. Wurin karaya yana ci gaba da kumbura kwana 2 zuwa 3. In an jera karare an tamke tun ranar farko, kumburin ya rasa inda za shi, sai ya matse jijiyoyin jini, nama ya fara mutuwa. Yatsu sun yi sanyi, sun fara baƙi, ko ciwon ya wuce misali in an miƙe su? A sassauta nan take, a tafi asibiti, ba sai gari ya waye ba. Karayar wuyan hannun babba kan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ta kama, ta cinya wata 3 ko fiye, na yara sun fi saurin haɗewa.

"Ƙwabri ne daidai ko ƙwauri?" in ji wani malamin firamare daga Ƙofar Marusa a Katsina.

Duka biyu, Malam. Ƙwabri tsohuwar siga ce da Katsinawa da Sakkwatawa suka riƙe, kamar sabro da zamna, inda Kanawa ke cewa sauro da zauna. Kada ka ja wa ɗalibi jan biro a kansa. Ƙwabri shi ne gaban ƙafa tsakanin gwiwa da idon sawu, sangali kuma ƙashin da ke ciki. Ƙasusuwa biyu ne a wurin, amma babban ne ke ɗaukar kusan duk nauyi, kuma fata kawai ta rufe gabansa, shi ya sa bugun ƙwabri ke kai mutum ƙasa.

Tambaya ta ƙarshe: me ya haɗa gwiwa da zuciya, har ake cewa ƙwarin gwiwa da sanyin gwiwa?

Tsayuwa ce ta haɗa su. Tsokoki huɗu na gaban cinya suna haɗuwa su bi ta kan ƙoƙon gwiwa su kama sangali, su ke miƙar da ƙafa. Wanda mummunan labari ya riska yakan ji sun saki, ya nemi wurin zama. Daga nan aka sami "gwiwarsa ta yi sanyi" da "ya kashe mini gwiwa". Ƙwarin gwiwa da ƙarfin gwiwa kuwa duk ana faɗa, kowanne ka rubuta ya zauna.