Yadda ake lissafa rabon maiƙo a cikin kalori daga bayanin jikin fakiti

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya umarci maigidana ya rage cin maiƙo, kuma ni ce nake cefane. A jikin gwangwanin madarar gari na ga an rubuta maiƙo giram 26 a cikin giram 100. Shin hakan yana nufin kashi 26 cikin ɗari na kalorin madarar daga maiƙo yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Ba haka ba ne, domin adadin da kika gani na nauyi ne, kalori kuwa ƙarfin da abinci yake ba jiki ake aunawa da shi. Giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko sukari ko furotin kalori 4 kacal yake bayarwa, shi ya sa rabon maiƙo a kalori yakan zarce rabonsa a nauyi sosai.

Ki nemi layi biyu a jikin gwangwanin, wato inda aka rubuta "Energy" da inda aka rubuta "Total Fat", ko "Matières grasses" idan rubutun na Faransanci ne. Ki ninka giram ɗin maiƙon sau 9, ki raba abin da ya fito da jimillar kalori, sannan ki ninka sau 100. A madararki, 26 sau 9 ya ba da 234, kuma idan an rubuta kalori 500 a giram 100, kamar yadda aka saba gani a irin wannan madara, rabon maiƙon ya kai kusan kashi 47, wato dab da rabi. Idan kilojul (kJ), wato wani ma'aunin ƙarfin abinci, kaɗai aka rubuta, sai ki yi amfani da 37 a madadin 9.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne ɗaukar adadin maiƙo daga jerin giram 100, su ɗauki kalori daga jerin da ke bayanin cin zama ɗaya. Lallai lambobin biyu su fito daga jeri guda. Haka kuma kason da ake rubutawa a gefe, musamman a kayan Amurka, ba shi ne amsar tambayarki ba, domin yana nuna abin da cin zama ɗaya ya ɗauka daga buƙatar yini ta mai cin kalori 2,000.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada maiƙo ya wuce kashi 30 na kalorin da babban mutum yake ci, daskararren maiƙo, wato "Saturated Fat", ya kasance ƙasa da kashi 10, maiƙon nan mai suna tiras, wato "Trans Fat" a jikin fakiti, kuma ƙasa da kashi 1. Ina so ki riƙe cewa wannan ma'auni na abincin yini ne gaba ɗaya, ba a ɗora shi a kan kowane fakiti. Man gyada kalorinsa duka daga maiƙo ne, gyaɗar kanta ta haura kashi 70, amma cokali ɗaya na mai a cikin miyar da za a ci da tuwon dawa ba ya ɓata lissafin yini.

A ganina layin "Saturated Fat" ya fi cancanta da kulawarki, kuma a shekarar 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire layin kalorin maiƙo daga sabon tsarinta saboda irin maiƙon ya fi yawansa muhimmanci. Biskit mai kalori 480 da daskararren maiƙo giram 9 yana ba da kashi 17, lissafin duk ɗaya ne. Ki roƙi maigida ya tambayi likitan wane maiƙo yake nufi, kuma ki tuna cewa man shanu da manja da kitsen tsire da ƙosai ba su zuwa da takardar bayani, amma dole a saka su cikin ƙidaya.